Littafin Azara yana cikin buhun wani masallaci

Zuwa ga Madam Darakta,
Ɗakin Karatun Yara da ke Nyékonakpoè, Lomé.

Gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Ina fata kina lafiya, ke da iyalinki da ma'aikatanki. Ni ce Memuna mai waina ta Zongo, mahaifiyar Azara, yarinyar nan mai shuɗin hijabi da take zama kusa da taga duk ranar Asabar. Na rubuta da Hausa domin da ita nake iya faɗin abin da ke raina. Ƙanina zai juya miki wasiƙar zuwa Faransanci, ta Hausar kuma za a karanta wa mutanen Zongo.

Ranar da kuka raba littafin labaran da yara suka rubuta, ina zaune a layin baya. Aji uku na yi a makarantar boko, amma na san kamannin sunan 'yata. Na bi shafin sunaye da yatsa har sau uku, ban gan shi ba. Da aka tashi na zo wurinki. Kika riƙe hannuwana biyu, kika yi mini ta'aziyyar Azara da harshen Mina, sannan kika ce addu'ar da yarinyar ta kawo ba ku ga ya dace ku buga ta ba, kun ba mai gadi ya kai masallaci don kada ta wulaƙanta. A nan na gane abin da ya faru. Kun ga rubutu ya taso daga dama zuwa hagu, kuka ɗauka Alƙur'ani ne. Madam, ba addu'a ba ce. Labari ne, da Hausa, da ajami.

Ga bayanina dalla-dalla.

Na ɗaya. Ke kika ba Azara aron littafin mutanen Taino, waɗanda ke zaune a tsibirai can ƙetaren teku tun kafin Turawa su same su. Ta karanta shi sau huɗu. Tana taya ni zuba ƙullu a tanda tana ba ni labarin: wata yarinya da ke taya kakarta matse rogo ta ga jiragen ruwa sun tsaya, mutanenta suka tarbi baƙin da abinci, daga baya baƙin suka ba kowa 'yar ƙararrawa suka ce sai ya cika ta da zinariya. Azara ta ce abin da ya fi burge ta shi ne yarinyar ce ke ba da labarin, ba masu jirgin ba. Ta ce, Mma, su ma rogo suke ci kamar mu. Wata rana ta yi wa yarinyar nan kuka har wainar da take juyawa ta ƙone, na yi mata faɗa.

Na biyu. Ke kika ce wa yaran kowa ya je gida ya tambayi manyansa yadda suka fara ganin Bature, ya rubuta da harshen da kakarsa za ta ba da labarin. Azara ta maimaita mini wannan magana taki har na haddace ta. Sai na ba ta labarin Ladi, mahaifiyar kakata. Ladi tana 'yar shekara tara lokacin Jamusawa. Ta fita neman itacen girki, ta ga turaka an kakkafa su a jere kusa da bukkokin fatake, busassu masu kyau, ta tuge su duka ta kai wa uwarta. Ba ta san alamar awon ƙasa ba ce. Aka ɗaure mahaifinta aka yi masa bulala a gaban jama'a, ita kuma tana tsaye da ragowar turakan a hannu. Daga baya aka tashi unguwar gaba ɗaya. Har ta tsufa ba ta yarda a hura wuta da itacen da aka fiƙe bakinsa. A makarantar boko Faransanci kawai ake koya wa Azara, ba ta iya rubuta Hausa da boko ba. A makarantar allo ta koyi ajami. Ta yi abin da kika ce ne.

Na uku, shi ne mai nauyi, kuma ina jin kunyar faɗinsa. Ina kishinki, Madam. Shekara biyu ina jin sunanki a ɗakina safe da yamma: Madam ta ce, Madam ta yi dariya, Madam tana karatu tana sauya murya. Ni na haife ta, ni nake yi mata kitso, amma ranar Asabar ba ta gama karin kumallo saboda ɗokin zuwa wurinki. Duk littafin da ta ɗauko, da harshen da ba na ji yake. Sai in riƙe shi in kalli hotuna kamar ƙaramar yarinya. Wannan da ta rubuta shi ne ɗaya tak da zan iya karantawa da kaina, don ni ma na yi allo. Ta hana ni gani. Tana rubutu tana kare shafin da gwiwar hannu, ta ce sai an buga zan gani, in karanta a gaban mata masu sayen waina. Ranar Asabar ta kawo miki shi. Ranar Talata zazzaɓi ya kama ta. Ranar Juma'a aka yi mata sutura. Ke kika taɓa littafin nan a bayanta, ba ni ba, kuma ba ki karanta ko kalma ɗaya ba.

Ina kishin iyayen da suka fita daga taronku rungume da littafi mai sunan 'ya'yansu. Na ga wata tana ɗaukar hoton shafin ɗanta da waya, na kawar da kai. Har yarinyar Taino nake kishi, Allah ya yafe mini. Mutanenta sun sha abin da ya fi namu, na sani. Amma ita bayan ɗaruruwan shekaru ta samu wanda ya rubuta maganarta, aka yi mata zane mai launi, aka ɗauko ta daga ƙetaren teku aka ajiye ta a kan kantarku. Ladi tana nan cikin garin nan, kabarinta bai kai tafiyar awa ɗaya a kan babur ɗin haya na zemijan ba, ta samu mai rubuta ta sau ɗaya, aka saka ta a buhun masallaci.

Na huɗu. Ban ce kin yi da mugunta ba. Kin ji cewa mu ba ma zubar da takarda mai rubutun Larabci a shara, kika girmama mu. Amma Zongo ba ta da nisa. Da kin nuna wa mai gyaran takalmin ƙofarku, da ya karanta miki layin farko. Shi ma mai gadin da ya buɗe, da ya gani, sai dai a cikin ambulan kika ba shi, a rufe.

Na biyar. Wataƙila ba ki san abin da ake yi da irin waɗannan takardu ba. Kowane masallaci yana da buhu da ake tara yagaggun shafukan Alƙur'ani da tsofaffin littattafai. Idan azumi ya matso aka zo share masallaci, sai a ƙone su a binne tokar a wuri mai tsarki. Yau muna tsakiyar watan Rajab. Mai gadin ya bar aiki a wurinku, abin da kawai aka gaya mini shi ne wajen Agbalépédo yake zaune. Na zo ofishinki sau uku neman sunansa. Sau biyu aka ce kina taro, na ukun aka ce ba a ba da bayanin ma'aikaci. Na rufe tandata na bi masallatai tara a unguwar da ƙafata. Ladanai huɗu sun zazzage mini buhu a kan tabarma na duba takarda bayan takarda. Sauran suka ce in zo da namiji, ko in zo da sunan wanda ya kawo.

Ga roƙona. Ki ba ni sunan mai gadin da inda za a same shi, ko ki kira shi da kanki ki tambaye shi masallacin, kafin Sha'aban ya kama. Littafin mai koren bango ne, ta liƙa hoton jirgin ruwa a bayansa. Idan an same shi, ni zan fara karantawa, ni kaɗai, kafin kowa ya juya shi zuwa wani harshe. Bayan haka in kuna so ku buga, ku buga shi da rubutun hannunta a gefe ɗaya. Kuma ku nemi mutum ɗaya daga Zongo da zai riƙa duba muku abin da yaranmu suka kawo, don akwai ƙannenta a layinmu da suke son zuwa.

Allah ya ba ki lafiya da tsawon rai. Allah ya saka miki da alheri a kan farin cikin da kika ba 'yata, wannan ba zan ɓoye shi ba ko da yana yi mini zafi. Allah ya raya miki naki, kada ya nuna miki abin da na gani.

Akwai sauran masallatai a Agbalépédo da ban shiga ba, kuma har yau ban karanta abin da Azara ta rubuta ba.

Wassalam.

Memuna mai waina,
Zongo, Lomé.