Ajin Malama Rumyana

Plovdiv, 19 ga Oktoba

Yaya Bistra,

Gaisuwa mai yawa, tare da fatan kina lafiya, ke da Mitko da jikokin nan da ba sa barin ki zauna. Ya gwiwar taki? Kin je wajen likita, ko har yanzu jira kike ta gaji ta daina da kanta? Kwalaben miyar tattasai sun iso. Ɗaya ta fashe a mota, direba ya ce in gaya miki gishiri ya ji.

Kin tambayi labarin makaranta. Mun ci gaba, Yaya. Yara sun ragu, iyaye sun daina son ɗansu ya shekara goma sha biyu yana koyon goge don ya ƙare a koyar da goge, sai shugabanmu Malam Koychev ya buɗe sashen kiɗan zamani. An ɗauko mana wani mutum mai suna Spas ya koyar da jitar bas ta lantarki. Shekara ashirin ya yi yana kaɗa wa masu cin abinci a jiragen ruwa da gidajen biki. Yana da tumbi, yana ɗaure gashi a ƙeya, yana gaida mai shara da hannu.

An ba shi ɗaki a can ƙasa, kusa da tukunyar ɗumama gini. A ɗakin malamai sunansa mai gyaran wuta. Malama Zlateva, shugabar masu goge, ita ta raɗa masa. Ranar da ya fara shigowa neman kofi ta dube shi ta saman tabarau ta ce, "Yauwa, ka zo. Ƙwan banɗaki ne ya mutu." Ya ce, "To, Malama," ya fita. Bayan minti goma ya dawo ya ce ya canza, ya zuba kofinsa. Har yau ban tantance wanda ya ci wasan ba.

Na yi dariya tare da su, kuma zan gaya miki dalili, tunda ke kaɗai ce ba na jin kunya. Shekara ashirin da shida ina koyar da kwantarabas, ƙaton gogen nan da ake kaɗawa a tsaye, a ginin nan, kin san matsayinmu. Masu fiyano suna raina masu goge, masu goge suna raina masu busa, kowa kuma yana raina mu, masu tsayawa a can baya rungume da kabad. Zlateva ɗin nan ta taɓa ce wa iyayen wani yaro a gabana, "Kunnensa bai kai goge ba, amma yana da tsawo, ku kai wa Rumyana." Yanzu an samo wanda yake ƙasa da ni, har a hawan bene. Ba ki san daɗin da ke ciki ba. Sai na ji bakina yana cewa jitar Spas mai waya huɗu ce dai kamar kwantarabas tamu, sai dai tasa in an ɗauke wuta ta zama shebur. Aka yi ta dariya. Zlateva ta miƙo mini biskit da hannunta.

Kin tuna Denitsa, 'yar mai ɗinkin nan, wadda na ce miki irinta sau ɗaya malami yake samu? Tana shekara goma sha ɗaya aka kawo mini ita, sai da na ɗora ta a kan akwati kafin hannunta ya kai wuyan kwantarabas. Bana za ta gama. A watan Mayu za ta yi wasan kammalawa, daga nan sai jami'ar kiɗa a Sofiya. A takardar shirin wasan, ƙarƙashin sunanta, za a buga "ajin Rumyana Kolarova". Kar ki yi dariya. Ke kina da jikoki, ni wannan layin nake da shi.

Jiya tana shafa wa sandar goge ƙaro, sai na ga bororo biyu a hannunta na dama, a manuni da ɗan yatsan tsakiya. Sanda ba ta yin wannan. Na tambaya, ta ce dutsen guga ne a shagon babarta. Na ce Allah ya sawwaƙe. Dutsen guga mai hankali, da ya zaɓi yatsu biyu, daidai inda waya take ci.

Ki gaida Mitko, ki ce ya rage taba. Ki shafa mini kan yara.

Ƙanwarki,
Rumyana

Plovdiv, 14 ga Maris

Yaya Bistra,

Ina gaishe ki da kyau. Ya sanyin bakin teku, ya jikin Mitko? Na ji daɗi da kika ce tarin ya yi sauƙi. Zaren ja da fari na tarbar bazara da ke cikin ambulan naki ne, ki ɗaura ko da ya makara.

Ran ɗaya ga wata yara suka ɗaura wa malamai zare kamar kowace shekara. Na samu bakwai, daidai yawan ɗalibaina, ba wanda ya manta, ba wanda ya ƙara. Spas kuwa hannunsa ya cika har gwiwa, sauran ya rataye a wuyan jitarsa. Ban tsaya ƙirgawa ba. Talatin da ɗaya ne.

A watan jiya na sauka ƙasa, da sunan duba dalilin da ɗumi ba ya isa ɗakina. Ƙofarsa a buɗe take kaɗan. Denitsa tana zaune a kan lasifika, jitar lantarki tana kwance a cinyarta, ba takardar kiɗa a gabanta ko ɗaya. Kiɗan rawar nan mai bugu goma sha ɗaya suke yi, wanda yaranmu na sama suke ƙirgawa da leɓe har su yi gumi. Shi yana buga tebur da tafin hannu. Ta yi kuskure, na ji shi sarai, yatsana har ya motsa neman jan fensir. Sai ta maimaita kuskuren da gangan, sau biyu, ta gina wani abu a kansa. Ya ce, "Haka, 'yata. Yanzu ya zama naki."

Yaya, na so ya zama shirme. Na tsaya a bakin ƙofa ina jiran ya zama shirme, bai zama ba. Kuma hannun hagun nan da ke yawo a wuyan jitar nawa ne. Kowane ɗan yatsa ni na ajiye shi a wurinsa, shekara bakwai ina lanƙwasawa ina gyarawa. Shi ya zo ya tarar da abinci a dafe.

Da ya gan ni ya miƙe, ya share kujera da hannun rigarsa. Ya ce, "Malama Rumyana, hannun hagun yarinyar nan, ni duk yawona ban ga irinsa ba. Aikinki ne." Na ce na sani. Da zagina ya yi, da na san abin da zan yi da shi.

Bayan mako guda Denitsa ta kawo roƙo a rubuce. Tana son ta yi kiɗa uku da kwantarabas a wasan kammalawa, na huɗu da jitar lantarki, a buga sunan malamai biyu. Kwamiti ya zauna ran Talatar da ta wuce. Spas ba ya ciki, ba shi da digiri. Zlateva ta ce, "Madalla. Daga nan sai a shigo da tebura da masu rarraba miya." Mai koyar da sarewa ya tambaya ko alƙalan jarrabawa za su riƙa liƙa mata kuɗi a goshi. Amma Koychev ya fara karkata. Ya ce, "Yarinya ce mai ƙoƙari. Suna biyu, ai tawada ce kawai. Rumyana, ɗalibarki ce, me kika gani?"

Ban ce a'a ba, ki shaide ni. Ni ce sakatariyar kwamiti, sai kawai na buɗe littafin dokoki na karanta musu: jarrabawar kammalawa da kayan kiɗa ɗaya ake yi, ƙarƙashin malami ɗaya. Ɗalibin da ke son canza aji sai ya cike takarda, sabon malami ya sa hannu, kafin ƙarshen Maris. Ba wanda ya tuna da wannan shafin a makarantar. Ni ma yinin Lahadi guda na yi kafin na gano shi.

Washegari ta tare ni a matakala. Ta ce, "Malama, an ce ke kika karanta." Na ce ni ce sakatariya. Ta ce, "Sai na zaɓa ke nan." Na ce haka doka ta ce. Ta dube ni kamar tana neman wata a bayana, ta ce, "To, Malama," ta wuce.

Shekara bakwai a wajena, wata biyar a wajensa, ai ba lissafi ne mai wuya ba. Hankalina a kwance yake. Abinci ne dai ba na iya ci sosai, ina jin canjin yanayi ne.

Ki gaida mutan gida duka.

Taki,
Rumyana

Plovdiv, 3 ga Yuni

Yaya Bistra,

Bayan gaisuwa da fatan alheri, ina fata kowa lafiya, kuma gwiwa ta samu sauƙi da zuwan zafi. Ki yafe mini jinkirin amsa. Ga takardar shirin wasan nan na sako miki, ki duba shafi na biyu, layi na ƙasa. Sunana ne, shi kaɗai.

Maris ya ƙare ba takardar da ta iso ofis. Denitsa ta ci gaba da zuwa darasi, ba ta makara, ba ta gardama. Duk abin da na gyara sai ta gyara. Ban taɓa samun ɗaliba mai biyayya haka ba, ko ita kanta a da.

Kwana uku kafin wasan na ba ta sandata ta kaɗa kwantarabas, ta hannun marigayi malamina. Kin san yadda muke yi. Malami yakan ara wa ɗalibinsa sandarsa ta kirki ranar kammalawa, kuma ba ya tambayarta. In ɗalibin zai ci gaba a sana'ar, ta zama tasa, ba sai an ce komai ba. Haka ta zo hannuna ina shekara goma sha tara.

An yi wasan ran Juma'a da la'asar, zaure ya cika. Spas ne ya ɗauko mata kwantarabas daga hawa na uku, ya ajiye, ya koma ya zauna a layin ƙarshe kusa da ƙofa. Ta kaɗa ba kuskure ko ɗaya. An ba ta shida, maki mafi girma, duk alƙalai biyar. Zlateva ta sumbace ni a kumatu biyu ta ce, "Rumi, in mutum ya rufe ido sai ya ce goge ne." A bakinta ba yabon da ya fi wannan.

Muna ɗakin malamai ana cin banitsa, gashin fulawar nan mai cuku, sai Penka ta ofis, wadda ƙaramin kofi ɗaya na barasa yake kwance mata harshe, ta jawo ni gefe. Ta ce, "Kin yi sa'a fa, ƙawata. Washegarin zaman kwamiti yarinyar ta karɓi takardar canjin aji. A gabana ta cike ta, ko zama ba ta yi ba. Mutumin ƙasa ne ya ƙi sa hannu. Sau uku tana kai masa."

Na cinye banitsar da ke hannuna, don ana kallona. Sannan na sauka. Na same shi yana naɗe wayoyi. Na ce an gaya mini wani abu, gaskiya ne? Ya sosa ƙeya ya ce, "Penka ke nan." Na ce me ya sa? Ya ce, "Malama, ni ba ni da takarda. Sunana ba ya buɗe ƙofar kowa a Sofiya, naki yana buɗewa. Na ce mata ta karɓi taki tukuna, ni ina nan, ba inda zan je." Ya ci gaba da naɗe waya, sannan ya ƙara da cewa, "Kuma da kin ji zafi."

Wannan ne ba zan yafe masa ba. Na je jami'a, Yaya, na kaɗa a Sofiya da Vienna. Layin da na shekara bakwai ina jira, mai kiɗan biki ne ya bar mini shi don tausayi. Na yi masa godiya, saboda an yi mana tarbiyya.

Ran Litinin da safe Denitsa ta ƙwanƙwasa ƙofata. Ta ajiye sandar a kan fiyano, a naɗe cikin ƙyalle mai laushi, da ɗinkin babarta a gefensa. Ta sa an canza wa sandar gashi sabo. Ta ce, "Na gode, Malama. Kar ta zauna a wajena ba a amfani da ita." Na ce ai ban tambaya ba. Ta ce, "Na sani." Za ta je Sofiya, amma sashen kiɗan zamani za ta nema. Kafin nan, Yuli da Agusta, za ta kaɗa a wani gidan cin kifi a Sozopol tare da tsofaffin abokan Spas. Na ce ta riƙa sa hula saboda rana, ban san daga ina maganar ta fito ba. Na tambaye ta ranar da za su fara, ta ce biyar ga Yuli. Ba ta ce in zo ba.

A watan Satumba za a kawo mini sababbin yara uku. Zlateva ta ce duk dogaye ne.

Yanzu ga roƙona. Ki gyara mini ɗakin baƙi a makon farko na Yuli, likita ya ce iskar teku za ta yi mini amfani, ko da bai faɗa ba zai faɗa in na tambaye shi. Daga garinku Burgas zuwa Sozopol ai rabin awa ne. Ki ce wa Mitko in ya je sayen kifi ya leƙa wurin, yana kan tashar jiragen kamun kifi, mai shuɗiyar rumfa. Ya duba mini ko akwai tebur a bayan ginshiƙi, inda ake jin makaɗa amma su ba sa ganin mutum. Kar ya ba da sunana.

Ki gaida shi, ki gaida yara. Allah ya sada mu da alheri.

Ƙanwarki,
Rumyana