Tukunya a Kujerar Direba

Litinin, 14 ga Oktoba, 2024

Tun shekarar da aka canza hannu a titi, aka ce kowa ya bar hagu ya koma dama, motar yayana Philemon ba ta leƙa waje ba. A shekarar na sa aka tura ta rumfar bayan gida, na tare ƙafafunta da duwatsu, na ja ƙofar kwano. Yau sai ga jikarsa Divine ta dawo daga Kano da wasu maza, wandunansu a yage a gwiwa, wai ado ne. Ta buɗe musu rumfar ba ta tambaye ni ba.

'Yan fim ne. Ita ke ɗinka musu kaya. Babbansu, Nasiruddeen, ya dafe kai yana cewa, "Wallahi mota ƙirar Em-Ji ce! Ta gaske! Baba, ka san abin da ka ajiye kuwa?" Ni yake tambaya. Ni Japhet.

Na ce su fita. Rubutuna na yaƙi da jahilci ne, amma sai na rubuta, kada in mutu a ce na yarda.

Laraba, 16 ga Oktoba

Divine ta zo da wayarta ta zauna kan tabarmata. "Mijina tsoho, daina ɗaure fuska, zo ka ga 'yan'uwan motarka." Na ce ni ba ni da mata mai kai baƙi ɗakin mutane.

Na duba dai. Finafinan Ingila ne. Ga motoci irin tamu sak, kujera biyu, ba rufi, dogon hanci. Bature da baƙin tabarau, mace a gefe gashinta na tashi. Sai harbi. Sai suka hankaɗa ɗaya daga kan dutse ta faɗa rami ta kama wuta. Wata a talabijin aka sa ta, wai kullum mai binciken ɓarayi ke yawo da ita, kuma kullum sai ya buga ta da wani abu. Mutanen da suka ƙera abu da hannunsu, su ne ke ƙona shi don a tafa musu. Tir.

Ta ce duniya duka na neman irin motar nan, ba a samu. Na ce duniya ta ci gaba da nema.

Alhamis, 17 ga Oktoba

Nasiruddeen ya dawo da goro da sukari. Ya durƙusa, gaisuwarsa ba laifi. Bakinsa ne matsala. Wai labarin zamanin Turawa za su yi, Di'o na yawo cikin motar yana karɓar haraji. Wai za su shafa mata jan fenti, don kore ba ya fita a hoto. "Ita kuma wannan tsohuwar tukunyar da ke kan kujera, sai mu ɗan kawar da ita gefe."

Na mayar masa da sukarinsa.

Bari in rubuta yadda abin yake, tunda yaran yanzu kunnuwansu na cikin waya. Motar nan ba ta Di'o ba ce. Saja Philemon ya saye ta a Kaduna hannun wani hafsa Bature da zai koma gida, shi ya tuƙo ta har Zuru, yara na bin ta da gudu tun daga tasha har unguwar Rikoto. A wurinmu ƙabilar Lelna ba a ba ka mata sai ka yi golmo, wato noman shekaru a gonar surukai. Shi yana bariki, ni na riƙe masa garma a gonar uban Beatrice, yarinyar da yake nema, a ƙauyen Manga, har tafin hannuna ya zama kamar fatar kiri. Ya zo ya ɗauki amaryarsa a motar. Ba a daɗe ba yaƙin basasa ya tashi. Ya tafi kudu, ya bar ta da cikin Philip, uban Divine. Ko takalminsa ba a kawo mana ba.

Kakanninmu in mutum ya mutu tukunya ake ɗorawa a kabarinsa. Philemon ba shi da kabari. Beatrice ta gina tukunya da hannunta, muka ɗora a kujerar da yake zama. Faston lokacin ya yi gunaguni, ya gaji ya bari. To wannan ce tsohuwar tukunyar da za a ɗan kawar gefe.

Asabar, 19 ga Oktoba

Sun kwana a masauki a gari. Ba su tafi ba. Ungulu ma haka take, ba ta gaggawa.

Lahadi, 20 ga Oktoba

Bayan coci Beatrice ta tare ni a ƙofar gida, tana dogara sanda. Ta ce ta ba su izini.

Na ce, "Maman Philip, kin san abin da kike faɗi?"

Ta ce, "Motar mijina ce."

Na ce ni na yi golmon auren nan. Ta dube ni sama da ƙasa. "Ka yi noman, Japhet, amma ba kai ka ɗauki amaryar ba." Matan da ke wucewa suka kwashe da dariya. Tsohuwa har yanzu ba ta bar wasan ƙanen miji ba, ko a kan maganar da ba ta wasa ba.

Abu ɗaya na kafa: tukunya ba ta motsi. Divine ta ce ta ji. Na ga idonta na kan waya lokacin da take cewa ta ji.

Talata, 22 ga Oktoba

Sun kawo Muntaka bakanike. Ya buɗe hancin motar, ɓeraye suka watse. Ya ce injin nan ya riga mu gidan gaskiya. Na ji daɗi, na ɗauka magana ta ƙare.

Ina! Wai ba ruwansu da inji. Samari za su tura ta daga baya inda hoto bai kai ba, ƙarar kuma a sa daga baya da na'ura. Wato ƙarya kan ƙarya. Mota ba ta tafiya a ce tana tafiya, ba ta kuka a ara mata kuka.

Sai na ga Di'on nasu. Wani farin yaro ne, Mubarak, an shafe shi da hoda kamar ƙosai ya faɗa gari, an kifa masa hular kwano. Yana ta koyon Hausar Bature ta hanci. Na ga Turawa da idona, ba wanda ya yi kama da wannan abin. Ya ce, "Baba, na yi kama?" Na ce ka yi kama da mai ciwon shawara.

Muntaka ya sa mata tayoyin aro. Na zauna bakin rumfa wuni guda ina gadin tukunya. Ko gona ban je ba, ga dawa ta isa yanka.

Laraba, 23 ga Oktoba



Da safe na je gona, don tsuntsaye ba su san ana fim ba. Na dawo da hantsi na tarar an turo motar gindin tsamiya. Kujerar direba wayam, sai mai hoda a zaune. Na waiga. Ga wata yarinya cikin 'yan fim, an ɗaura mata zane irin na da, tana tafe tana rangwaɗa, tukunyar Philemon a kanta. Cike da ruwa. Wai ita ce budurwar ƙauye da Di'o zai tsaya ya roƙi ruwan sha. Wai sun nemi tulu mai kama da na da ba su samu ba, sai wani ya ce ai ga wannan.

Ban san lokacin da na shiga tsakiyarsu ba. Nasiruddeen na ihu, "Baba, kana cikin hoto!" Na ce ina cikin gidan ubana. Na sauke ta daga kan yarinyar da kaina, ruwan ya jiƙe ni har wando. Na ce, "Kabarin mutum kuka ɗora wa yarinya a ka." Ta ƙwala ihu ta hau karkaɗe kanta.

Ba ta fashe ba. Na gode wa Allah a kan wannan kaɗai. Na sa Muntaka da almajiran garejinsa suka mayar da motar rumfa, na mayar da tukunya mazauninta, na sa kwaɗo. Makulli na wuyana.

Divine tana kasuwa sayen zare lokacin. Da ta dawo ta yi kuka. Ta ce ba ta gaya musu ba ne don kada su ce danginta matsafa ne. Ta ce ita ta jawo su tun daga Kano, in aka koma ba mota ba wanda zai sake ba ta aiki. Ta ji kunyar kakanta a gaban baƙi, shi ne abin da na ji. Sauran ban saurara ba.

Alhamis, 24 ga Oktoba

Ba a aiko mini da tuwo daga sashen Beatrice ba. Na jiƙa gari na sha.

Jumma'a, 25 ga Oktoba

Da la'asar ta zo da kanta. Ta zauna kan turmi, ta daɗe tana mayar da numfashi. Ta rame, ban lura ba sai yau.

Na fara yi mata bayanin abin da aka yi wa tukunya. Ta ɗaga hannu. "Ruwa aka zuba mata, Japhet, ba najasa ba. Ni na gina ta. Tun da na gina ta ba ta taɓa shan ruwa ba."

Sai ta ce wani abu da ban taɓa sani ba. Wai sau ɗaya tak ta shiga motar nan, ranar da aka kawo ta daga Manga, kanta a lulluɓe, ba abin da ta gani sai ƙafafunta. Philemon ya ce in ya dawo zai kai ta garin Dirin Daji fuska a buɗe, kowa ya gan ta. Da ta ga matan nan a wayar Divine iska na kaɗa musu kai, sai ta tuna.

Ta ce, "Kai ka kulle shi a rumfa da ɓeraye. Mutumin da ba ya iya zama wuri ɗaya. Ka taɓa tambayarsa ko yana son iska?"

Na ce ni na tsare shi, da ba don ni ba da 'yan gwangwan sun yanka motar tuni.

Ta ce, "Ka tsare. Ba wanda ya ce ba ka tsare ba. Ni dai ba zan ga wata kaka ba, jikina ya gaya mini."

Ta tashi ta tafi. Maganar banza. Tsofaffi kullum jikinsu na gaya musu abu.

An kawo tuwo daga baya. Miyar ta yi gishiri.

Asabar, 26 ga Oktoba

Nasiruddeen ya zo shi kaɗai, ya tuɓe takalmi tun daga zaure. Ya ce, "Baba, wallahi da na san kabari ne ko inuwarsa ba zan taka ba. Mu ma muna da matattu." Wannan maganar ta fi sukarinsa.

Na ce a cire mai hoda, a sa sojan Zuru a kujerar, don shi ne gaskiya. Ya ce ba zai iya ba, an riga an ɗauki rabin labarin a Kano. Ya ƙi ƙememe. Aƙalla bai yi mini ƙarya ba. Jan fenti dai ya janye.

Ban ce e ba, ban ce a'a ba.

Lahadi, 27 ga Oktoba

Ban ji huɗubar yau ba. Divine ta zauna nesa da ni. Da aka tashi ta ce, "Ina kwana, Baba." Ba mijina tsoho. Oho.

Litinin, 28 ga Oktoba

Fim ɗinsu shirme ne, kuma shirme zai zauna. Wanda ya kalla zai ce motar Bature ce, ba zai san an yi wani Saja Philemon ba. Wannan ban yafe ba.

Na buɗe rumfar yau don in duba ɓarnar ɓeraye kawai. Na ɗauke tukunyar na riƙe a cinya, don in share kujerar. Tunda na riga na ɗauke, sai na zauna. Ban taɓa zama a wurin ba. Kujerar ƙasa-ƙasa take, kamar mutum na zaune a tabarma. Sitiyarin ya yi sanyi. Ta gilashin gaba ba abin da ake gani sai kwano mai tsatsa. Abin da Philemon yake kallo ke nan tun shekarar canjin hannu.

Muntaka ya leƙo ya same ni a haka. Bai yi dariya ba, Allah ya yi masa albarka. Na ce ban iya tuƙi ba. Ya ce, "Baba, motar da ake turawa ba ta son gwani. Riƙe kawai, birkin hannu na gyara shi."

Na aika wa Nasiruddeen cewa zai samu motar gobe da azahar, tukunya kuma tana ɗakina har su gama. Kafin azahar motar ba tasa ba ce, kuma kada in ga na'urar hoto ko ɗaya. Samarinsa dai ina so, masu turi. Na aika wa Divine ta nemo wa kakarta ɗankwali mai kyau, mara nauyi, irin wanda iska ke ɗauka. Ta zo da gudu ta ce, "Mijina tsoho!" Na ce ta rufe mini baki.

Dirin Daji ta yi nisa, samarin Kano ba su da ƙashin golmo. Hanyar Manga za mu bi, akwai gangara.

Gobe da sassafe zan janye duwatsun, in goge gilashi, in zaunar da Maman Philip da tukunyar a cinyarta. Kuma hannun hagu zan bi, wanda Philemon ya sani. Mai babur da ya ga dama ya kauce.