Satin Zuba Taki

Litinin, 3 ga Yuni, 2024
Ruwan shuka ya sauka jiya. Yau kuma aka aiko mana da ɗan littafin shawarwari daga ofis, wai mu karanta wa manoma. Na duba: a dasa rogo, a shuka masara sau biyu a shekara, a ɗaga ɗakin kaji saboda laima. Wanda ya rubuta shi bai taɓa taka Ƙaura ba, ko a mafarki. Shekara ashirin da shida ina malamin gona, na san ƙasar nan fiye da tafin hannuna. Na cusa littafin ƙarƙashin ƙafar tebur, ya daina girgiɗi.

Alhamis, 6 ga Yuni
Gado ya zo. Manomi ne na wajen Kurya Madaro, shekara biyu ke nan yana raɓe a gidan ƙanensa Magaji nan cikin gari, tun da mutanen daji suka tashe su. Gonarsa tana can. Ya ce ya lallaɓa ya shuka gero, yana shuka yana waige. Shi kaɗai ya rage mai kawo mini tambaya. Sauran in na ce gona, sai su ce wace gonar.

Tumakinsa biyu suna zawo. Na ce ya ba su maganin tsutsar ciki, kada kuma ya sake su da sassafe kan ciyawa mai raɓa. Ya ce ya sake su ina, ai a zaure suke ɗaure, su ma gudun hijira suke. Muka yi dariya.

Laraba, 26 ga Yuni
Ba wanda ya zo. Na share ofis, na kulle.

Lahadi, 7 ga Yuli
Gado ya same ni har gida da tushen gero a aljihu, ganyen ya yi ɗorawa. Yunwa ce, ba cuta ba. Surukinsa ya ba shi rabin buhun taki. Ya ce hanyar ba kyau kwanan nan, an ga babura bakin gulbi, ko zai iya jinkirtawa sati biyu?

Na ce, "Gado, geron nan satinsa biyar. In ba ka zuba cikin satin nan ba, ka bar shi kawai, asarar taki za ka yi."

Ya daɗe yana juya tushen a hannu. Ya ce, "To, Malam Sha'aibu, tunda kai kac ce."

Na ji daɗi, ba zan ɓoye ba. An daɗe ba a ɗauki maganata haka ba.

Laraba, 10 ga Yuli
Sun harbe Gado jiya da hantsi, a gonarsa. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Juma'a, 12 ga Yuli
Waɗanda suka ɗauko shi sun ce ya ci fiye da rabin gonar, kwanon takin yana gefensa. Na je ta'aziyya. Matarsa Balaraba ta yi magana daga bayan labule, ta ce ta roƙe shi ya bari, ya ce mata Malam ya ce satin ga. Ba da zargi ta faɗa ba. Har godiya ta yi mini, wai kullum yana yabona. Da zagina ta yi, da ya fi mini sauƙi.

Matata Azumi ta ce in ci abinci, ajali ne. Na sani, ni ma haka nake faɗa wa mutane. Amma tambayata ya yi ko zai iya jira, kuma ni na ba shi amsa.

Talata, 30 ga Yuli
An kira taro a ofis kan yadda za a adana amfanin gona. Ban je ba.

Laraba, 14 ga Agusta
Wani direban Shinkafi ya ce ya hango gonar Gado daga hanya. Wajen da ya zuba taki geron ya fi mutum tsawo, shar da shi, sauran kuwa ya tsumbure. Ashe dai shawarata daidai ce. Ba wanda zai je ya yanke shi. Na shiga ɗaki na zauna, kuka na yi.

Litinin, 2 ga Satumba
Magaji ya zo, da furen wake ƙunshe a leda. Gonarsa tana hanya ɗaya da ta marigayi. Yanzu yara goma sha ɗaya ke ci a tukunyarsa, nasa da na Gado, kuma waken nan ne kaɗai abin da ya samu ya shuka. Ya ce furen yana zuba. Na buɗe ɗaya da farce, ga tsutsar nan kwance a ciki. Feshi yake so cikin kwana uku, in ba haka ba ko kwano biyar ba zai sussuka ba.

Ya ce, "Malam, mi ka gani? In na tahiya ne, gobe in kama hanya."

Na rufe furen da yatsa. Na ce ba komai, zafin rana ne, in an ƙara ruwa zai daidaita, ba ya bukatar feshi.

Ya dube ni, ya ce, "Ka tabbata?"

Na ce na tabbata.

Ya yi godiya ya fita. Na tsaya bakin ƙofa ina binsa da kallo, har na ga ya wuce kwanar tasha ya nufi gida.