Tsallen da Na Yi a Gindin Tsamiya

Zango ta Daura,
12 ga Yuni, 2003.

Zuwa ga ɗana Yazid,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, Allah ya yi wa karatunka albarka. Iyarka da ƙanwarka Khairunnisa lafiya lau. Ni ne dai a kwance, kuma ni na kwantar da kaina.

Ka tuna da ka zo Sallah ka ce mai tsalle a tsaye, komai ƙarfinsa, da ƙyar yake cika sakan ɗaya a iska? Ka ce yana yin sama gudunsa yana raguwa, shi ya sa ya fi daɗewa can ƙololuwa, har ido ya ga kamar ya tsaya, alhali ya fara saukowa. To, ni da na tsere daga aji huɗu, ranar kasuwa na kwashi wannan ilimi na kai gindin tsamiya, inda samari ke gasar taɓo reshe. Hamma mai shayi ya ce laya ce ke riƙe su a sama. Na ce lissafi ne, na rantse da Allah ni ma sai na taɓo reshen ba laya. Tun zuwan shari'a kowa yake kiyaye bakinsa, ban da ubanka.

Na tashi, Yazid. Reshe ban taɓa ba, tsayuwar ma ban ji ta ba. Saukowar ce na fahimta sosai. Ka ce da gudun da mutum ya tashi yake dawowa. Nawa ban san inda ya samo ƙari ba.

Kalilu maɗori ya ɗaure ƙafar da na karya, yau kwana tara. Yatsun sun yi baƙi, ko an taɓa ba na ji. Jiya ya kwance ɗaurin, ya daɗe yana kallo, ya ce a nemi mota zuwa Katsina, shi da bai taɓa tura kowa asibiti ba. Iyarka ta daina yi mini faɗa. Wannan ya fi komai ba ni tsoro. Masu dubiya suna zuwa, ina ba su dariya, suna cewa ai jiki da sauƙi. Ni kuwa ji nake ina can saman nan da ka faɗa, inda ido ke ganin mutum a tsaye.

Ka gaishe da kawunka Sabiru da Rabi da yara. Liman ya ce kaffarar rantsuwa ta hau kaina, ciyar da miskinai goma. Na ce sai kaka. In ban kai ba, ka fitar mini daga geron bana kafin a taɓa komai.

Ubanka,
Ɗantsoho.