Ta Huɗu Daga Hagu a Layi na Uku

Litinin, 3 ga Maris

Shekara arba'in da ɗaya ke nan ina riƙe da ɗakin ajiyar hotuna na jaridar nan. Ban taɓa zama a aji ba, da kanun labarai na koyi baƙi, ina kwafa a bayan tsohuwar ambulan. Amma fuska, in na gan ta sau ɗaya ta zauna ke nan.

Yau Edita ya sauko da kansa, abin da rabonsa da yi tun yana ƙaramin ɗan rahoto mai aron birona. Tare da shi akwai na hannun daman minista, wanda turarensa ya riga shi shigowa. Mai Turare ya nuna min wata mata a wayarsa, mai sarin magunguna a bayan tashar manyan motoci. Wai ko na taɓa ganinta? Edita ya ce, "Kada ka wahalar da tsoho, kan ya cika." Maganar nan ce ta tsokane ni. Durowa ta goma sha biyu, ambulan mai ruwan ƙasa: bikin yaye jami'an farin kaya, shekara goma sha tara baya, hoton da aka hana mu bugawa. Layi na uku, ta huɗu daga hagu. Kunnenta na dama a ɗan lanƙwashe. Ko minti biyu ban yi ba.

Mai Turare ya ce, "Baba, ai kai na'ura ne." Na rubuta a bayan hoton da fensir kamar kullum: rana, da wanda ya karɓa, da wanda ya rako shi.

Laraba, 5 ga Maris

Shafin farko. An zagaye fuskarta da ja, ga sunanta, ga sunan shagon. Ashe ƙanwar ɗan majalisar nan ce mai damun minista da tambaya kan kwangilar magunguna. Jaridarmu ta ce ita ke tsegunta wa wanta sirrin gwamnati. Ba a ce shekara shida ta yi tana zaune cikin masu shigo da jabun magani don ta gano iyayen gidansu ba. Wannan a bakin masinja na ji.

Ni dai tambayata aka yi na amsa.

Alhamis, 6 ga Maris

Gari ya rabu biyu. Rediyon nan ya ce tonon silili aikin jarida ne, wancan ya ce cin amanar ƙasa. Jaridar tsallaken titi, ta 'yan adawa, har da baƙin layi a gefen shafi kamar an yi mutuwa. Su da bara suka buga lambar gidan alƙalin da ya kayar da ɗan takararsu. Yankan labarin yana durowa ta bakwai. Laifi tudu ne.

Juma'a, 7 ga Maris

'Yata ta biyo daga asibiti da kayan aikinta a jiki. Na ba ta labari ina jiran ta yaba. Ta ce, "Baba, da ka ce ba ka tuna ba." Na ce da furfurata zan fara ƙarya? Ta ce, "Shiru ba ƙarya ba ne." Uwarta sak. Ita ma, Allah ya jiƙanta, ba ta bari mutum ya ji daɗin nasararsa.

Litinin, 10 ga Maris

Edita ya dawo da hoton. Bayansa fari fat, an goge rubutuna. Ya ja ƙofa ya ce, "Majalisa ta kafa kwamiti. In an tambaye ka, namu bai taɓa barin durowa ba. Wani ne ya aiko mana da kwafi ba suna." Na ce to Mai Turare fa, aljani ne na gani? Ya ce, "Baba, ɗakin nan ana so a mayar da shi wurin ajiye janareta. Ni nake tare maka."

Na ce masa ranar da ya rubuta labarinsa na farko, ni na gyara masa sunan mamacin. Ya fita bai rufe ƙofar ba.

Ba zan faɗi ƙaryarsa ba. Ko sama da ƙasa za su haɗe.

Laraba, 12 ga Maris

'Yata ta ce an kawo wani direban babbar mota ɗakinsu, hannu biyu a karye, muƙamuƙi a goce. Shi ne mai kai wa matar hoton nan labari. 'Ya'yansa uku suna zaune a baranda.

Alhamis, 13 ga Maris

Ba ni na karya masa hannu ba.

Litinin, 17 ga Maris

Wata 'yar rahoto daga tsallaken titi ta tare ni a bakin ƙofa, baki kamar zuma. Har ta tsara kanun: tsohon da gwamnati ke tsoro. Ta ce in ce minista da kansa ya sauko ɗakina. Na ce minista bai zo ba, yaronsa ne. Ta ce, "Ai duk ɗaya ne, Baba." Na ce a gidanku. Ta rufe littafinta. Wancan yana so in rage, wannan tana so in ƙara, kamar telan da bai auna ba.

Laraba, 19 ga Maris

Kwamiti. Na sa rigata mai aljihu biyu, hoton a na ciki.

Edita ya rantse ya faɗi tasa, bai dubi inda nake ba. Da aka zo kaina, lauyan jarida ya ce, "Dattijo, wace makaranta ka yi?" Na ce wadda ta koya min gane fuskarka a hoton ɗaurin aurenka na fari, wanda ka aiko a cire. Ɗaki ya ɗauki dariya, shugaban kwamiti ya buga tebur. Lauya ya karɓi hoton, ya juya bayansa ya ɗaga sama. "Ina rubutun da kake faɗa? Fari ne."

Na ce a buɗe labule. Hannuna fartanya ya fara riƙewa kafin fensir, in ina rubutu huɗa nake yi. Yara sun sha yi min dariya, wai ina fasa takarda. Magogi ya ɗauke baƙin, bai cike ramin ba. Na karkata hoton wajen taga. Shugaba ya sa tabarau ya karanta da ƙarfi: uku ga Maris, Edita, tare da na hannun daman minista.

Mai Turare da ke zaune a baya ya sulale. Ban ji ƙanshin turare a ɗakin ba bayan nan.

A baranda wata mata ta tsaya gabana, ta rufe rabin fuska da mayafi. Kunnen na gani. Ta ce, "Sannu, Baba. Ka yi gaskiya." Na fara cewa ai ni haka nake tun fil azal. Ta ce, "Shekara goma sha tara ba wanda ya gane ni. Har maƙwabtana. Sai kai." Ba faɗa a muryarta. Ta ce gobe za a fitar da ita da 'yarta daga garin, ta tafi.

Na tsaya da hoton a hannu kamar an dasa ni.

Talata, 25 ga Maris

An dakatar da Edita. Jaridarmu ta sa labarin a shafi na goma sha ɗaya, ƙarƙashin tallan taya. Ta tsallaken titi ta ce tsoho ya fallasa minista, ta sa hoton wani tsoho da ba ni ba. Janareta zai shigo ƙarshen wata mai zuwa. Su kawo. Durowoyin a kaina suke.

Direban ya fara shan ruwa da tsinke, in ji 'yata. Na ba ta lemo ta kai, na ce kada ta ce daga wa.

Laraba, 2 ga Afrilu

Sabon edita ya sauko da hoton wani taro, ya ɗora yatsa a kan wani mutum a gefe. "Baba, an ce ba ka mantuwa. Wane ne wannan?"

Durowa ta tara, ambulan ta biyu. Har sunan ƙauyensu.

Na ɗaga hoton wajen taga, na daɗe. Na ce ido ya yi rauni, ban gane shi ba.

Ba wai maganar 'yata na bi ba. Tsufa ne kawai.