Inci Biyar a Ƙafar Kujera

Zuwa ga Auta,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya, ke da maigidanki da sabuwar amaryata. Allah Ya raya mana ita, Ya ba ki lafiyar shayarwa.

Ga kujerar da kika roƙa nan na ba direban da ya kawo miki wannan takarda. Ki duba ta kafin ya tafi, don na ga yadda yake ɗaure kaya, hankalina bai kwanta da shi ba. Na yi ta bisa awon da kika aiko, ban ƙara ba ban rage ba, inci ashirin daga ƙasa zuwa mazauni. Babu ƙusa ko ɗaya a jikinta. Na kashe kaifin hannayenta saboda kan yarinya, kuma ban shafa fenti ba don kada wari ya dame ta, mai kawai na goga. Rigar soson majinginar kuwa, Yayarki ce ta ɗinka, in ɗinkin ya karkace kin san inda za ki kai ƙara.

Kin san kunnena ba ya shiri da waya. Ki rubuto mini da hannunki yadda kika same ta.

Naki mahaifi.

*

Zuwa ga Baba,

Wa alaikumus salam. Ina gaishe ka cikin ladabi, da fatan jiki da sauƙi. Malam yana gaisuwa, amaryarka ma tana gaisuwa da irin muryar da take da ita.

Kujera ta iso lafiya, ko ƙwarzane babu. Baba, sannu da aiki, Allah Ya saka da alheri. Duk wanda ya shigo barka sai ya tsaya ya shafa ta ya tambayi inda aka saye ta, ni kuma in ɗaga kai in ce Babana ne ya yi. Mun ajiye ta a falo kusa da taga. Ta yi mini daidai kamar a jikina aka ƙera ta, a kai nake wuni, a kai nake ba ta nono. Kada ka damu da komai.

Allah Ya ƙara maka lafiya da nisan kwana.

'Yarka, Auta.

*

Yaya,

Gaisuwa da fatan alheri. Na saka wannan cikin ambulan daban, don Allah ki karanta a ɗakinki, kada ki bar ta a kan teburin Baba.

Na yi wa Baba ƙarya, kuma tun ranar abin yake cina. Kujerar ba ta yi mini ba. Idan na zauna ƙafafuna lilo suke yi kamar na 'yar firamare a benci. Idan na matsa baya don in jingina, bakin mazaunin ya danne mini bayan gwiwa har ƙafa ta mutu. Idan na matso gaba, ba abin da ke riƙe da bayana, sai in duƙa a kan yarinyar. Hannayen kujerar kuma sun yi sama, kafaɗuna suna kusa da kunnena. Amma na nace, don na riga na rubuta wa Baba cewa a kai nake wuni, na ce bari in mayar da ƙaryar gaskiya. Kwana goma sha biyu na yi a haka. Ƙuguna ya riƙe, kan nonona ya tsage, yarinya ta kama ta saki, ta kama ta saki, tana kuka ina kuka.

Da muka koma asibiti aka ɗora ta a sikeli, maimakon ta ƙaru sai ta ragu. Nas ɗin, wata dattijuwa marar wasa, ta ce in nuna mata yadda nake zama a gida. Na gwada mata. Ta ce, “'Yar nan, ke kike kai nono wurin jaririya ko ita ake kawowa wurin nono? Tafin ƙafa a ƙasa, baya a jingine, matashi a kan cinya. Wane ne ya zaɓa miki wannan kujera?”

Laifina ne, Yaya, ba na Baba ba. Kin tuna da ya sa kika yi ta kirana kan in zauna ba takalmi in auna daga dunduniya zuwa bayan gwiwa? Ina ofis a lokacin, ina haɗa takardun da zan miƙa kafin in tafi hutun haihuwa. Sai na ɗauki rula na auna kujerar ofis ɗina na aika. Na manta da dogon takalmi nake zama a kanta, kuma akwai kwalin takardu a ƙarƙashin tebur da nake ɗora ƙafa.

Saura mafi munin. Da Malam ya ga halin da nake ciki, ya aro zarto a wurin maƙwabci ya ce zai rage inci biyar. Mutumin da yake koyar da lissafi shekara tara, ya yanke ƙafa huɗu, babu biyu da suka zo daidai. Ya ƙara yankewa don ya daidaita, ya ɓalle gefen ɗaya. Yanzu kujerar Baba ɗingishi take yi, mun tura mata tsohon littafi a ƙarƙashi mun rufe ta da zane. Ni kuwa a kan wata gajeriyar kujerar roba nake shayarwa, da matashi biyu, kuma yarinya ta fara ƙoshi. Duk lokacin da na zauna a robar nan na hango waccan a lulluɓe, sai in ji kamar na zagi Baba.

Ki ba ni shawara. Ki gaishe da yara.

Ƙanwarki.

*

Auta sarkin gaggawa,

Na amsa gaisuwarki. Na fara da dariya, don na hango Malam da zarto, na ƙare da tagumi. Alhamdu lillahi da yarinya ta fara cika, wannan shi ne babba. Amma ke ma dai, tun kina ƙarama ba kya son a ce miki gajeriya, ga shi kin je kin ƙara wa kanki inci biyar a takarda.

Yanzu ki gyara zama a robar taki ki ji abin da Baba ya hana ni faɗa miki. Tun watan da kika roƙi kujerar nan likita ya riga ya ce ya ajiye aiki, saboda yatsun hannunsa na dama sun daina lanƙwasuwa da kyau. Ya rufe shago. Saboda ke ya sake buɗewa. Sati bakwai ya yi a kanta, aikin da a da yake gamawa cikin kwana biyar. Sai ya jiƙa hannu cikin ruwan ɗumi da safe kafin ya iya riƙe abin goge katako. Ranar da ya gama ya share shagon da kansa, ya rataye kayan aikin ya ce shi ke nan, wannan ce ta ƙarshe. Wasiƙarki kuwa tana aljihun rigarsa. Sau biyu na same shi yana karanta ta, amma ban ga yana murmushi ba, ban san dalili ba.

Abu na biyu, ya ce ƙarshen watan nan zai zo ganin amaryarsa. Kin san mutumin da yake shiga gidan mutane ya gaishe da ƙofa da tebur kafin ya gaishe da masu gida. Zane ba zai ɓoye masa komai ba. Kada ki ce in rufa miki, ba zan iya ba, kuma kada ki sa Malam ya nemo wani kafinta ya liƙa ƙafafun, wannan zai fi yi masa ciwo. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Ki rubuta masa da kanki kafin ya taso.

Ki shafa mini kan 'yata. Ki ce wa Malam ya tsaya a kan allo.

Yayarki.

*

Zuwa ga Baba,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka, ina kuma neman gafararka tun kafin ka karanta sauran.

Baba, abin da na rubuta maka a wasiƙar farko ba gaskiya ba ne. Kujerar ta yi mini tsawo. Ba aikinka ne ya kuskure ba, awona ne. Ban auna ƙafata yadda ka ce ba, kujerar ofis na auna don in huta da kiran waya. Kuma na tuna abin da na faɗa a kira na uku, da Yaya ta ɗaga muryar wayar don ka ji. Na ce, “Ki ce wa Baba ina da aiki, kujera ce fa kawai.” Na san ka ji. Ban san a lokacin da wane hannu kake shirin yi mini ita ba, yanzu na sani.

Na yi kwana goma sha biyu ina shayarwa a kanta a karkace don kada maganata ta zama ƙarya, har yarinya ta rame. Ta warware yanzu, sikeli ya nuna ta ƙaru, kada hankalinka ya tashi. Bayan haka na bari aka sa wa kujerar zarto. Ina zaune aka yi, ban hana ba. An rage ƙafafun ba daidai ba, ɗaya ta tsage a gefe. Guntayen huɗu suna nan na naɗe su a cikin akwatina, na kasa zubarwa.

Na ɓata aikinka na ƙarshe, na kuma yi maka ƙarya a kai. Kunya ta hana ni kiran Yaya ma a waya. In ka fasa zuwa ba zan ga laifinka ba, amma ina roƙonka kada ka fasa saboda amaryarka, ita ba ta yi komai ba.

Ka yafe mini, Baba.

'Yarka, Auta.

*

Auta,

Gaisuwa a gurguje. Na ba shi takardarki da hannuna. Ya karanta a tsaye, ya ninke, ya tambaye ni nauyin yarinya nawa ya ragu. Na faɗa masa. Kwana uku ke nan bai ƙara cewa komai a kai ba, abinci ma taɓawa kawai yake yi. Ban san ko zai zo ba. Ki yi ta addu'a.

Yayarki.

*

Zuwa ga Auta,

Wa alaikumus salam. Na ga takardarki, na yafe miki duniya da lahira.

Saura nawa laifin. Ranar da awonki ya iso na san ba naki ba ne. Ni na yi miki kujerar karatu, ni na yi miki gado, na san ƙafarki ba ta kai inci ashirin ba ko da kin yi miƙa. Kalma ɗaya ce zan sa Yayarki ta faɗa miki a gyara. Amma maganarki ta ɓata mini rai, na ce bari in yi mata abin da ta rubuta, ta zauna ta gani. Na zaci ke kaɗai za ki ji a jikinki. Ban yi tunanin mai shan nonon ba. Shekara hamsin ina wannan sana'a ban taɓa ba mutum abin da na san zai cuce shi ba, sai 'yar cikina.

Ki ci gaba da zama a robar. Hannuna ba zai iya sabuwa ba, amma zai iya daidaita ƙafa huɗu ya sauke hannu biyu. Ina tafe ranar Asabar. Kafin in taɓa kujerar za ki miƙo mini yarinyar, ita zan fara neman gafararta.

Naki mahaifi.