Motar da Zama Ke Kashewa

Ikko, Maris 1984

Yaya Dikko,

Assalamu alaikum. Ina Inna da ciwon ƙafa? Ina mutanen Argungu? Ni lafiya lau. Ramar da aka ce na yi, zafin gari ne kawai.

Ka tambayi motar maigidana. 'Yar Jamus ce, don gudu aka ƙera ta, amma wuni take cikin cunkoso tana zafi. Kowace safiya ina duba mai da ruwa yadda ka koya mini, duk da haka ba ta rabuwa da gareji. Tsohuwar Fijonka mai jigilar Birnin Kebbi ta fi ta lafiya.

Makanike ya ce zama ke kashe ta. Shi ya sa ran Lahadi maigida ke ba ni ita in hau titin Ibadan. Hanyar arewa ce, Yaya. Da na taka, sai muryarta ta washe, zuciyata ma haka. Sai in kai inda aka iyakance mini, in juyo.

A aiko mini da busasshen kifi. Inna ta roƙa mini Allah Ya kawo ranar da zan miƙe hanyar nan ba juyowa, ko a bayan gingimari ne.

Ƙaninka,
Arzika